Abin da ke toshe tawadar firinta a Kwalkwalawa

A Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibi kan ga firinta ta fitar da shafi da fararen layuka ana gobe miƙa aiki, ya ɗauka tawada ta ƙare. Galibi bushewa ta yi a ƙananan ƙofofin gidanta. Zafin Sakkwato, da kan haura digiri 40 a Afrilu, ke jawo haka. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar bugu kuma kan bar bakin a buɗe.

Kafin a sayi sabo, a jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, a dangwala bakin har tawada ta ɓullo, kada a taɓa jan ƙarfen bayansa. Wankin da firinta ke yi da kanta tawada yake sha, sau biyu ya wadatar. A riƙa buga shafi ɗaya duk mako.