Ka Amsa Tambayar da Aka Yi Maka

Yawancin littattafan kāre bangaskiya da ake kawo mana daga Ingila da Amurka sukan fara ne da hujjojin cewa akwai Allah. To, wa ya musa wannan a Gagarawa? Ka zaga kasuwar Maigatari ran Alhamis tun safe har la'asar, da wuya ka sami mai shakkar Mahalicci. Mai bishara da ya haddace waɗannan hujjoji ya kawo su ƙasar Gumel, tambayar da ba a yi masa ba yake amsawa.

Ku dubi Manzo Bulus. A majami'ar Antakiya ta Bisidiya ya fara da tarihin Isra'ila da Sarki Dawuda (Ayyukan Manzanni 13). A Atina kuwa ya fara da bagaden da ya gani a gari, har ya ambaci mawaƙansu (sura 17). Amma ko'ina sai da ya kai ga tashin Yesu daga matattu.

Maƙwabcinmu Musulmi ya san Annabi Isa, ya kuma yarda budurwa ce ta haife shi. Inda yake tuntuɓe shi ne "Ɗan Allah", gama a kunnensa kamar an ce Allah ya yi aure ya haihu. Dole ya ƙi, mu ma mun ƙi wannan. Ka fara gaya masa haka. Sa'an nan ka tambaye shi: in an ce mutum ɗan Gumel ne, Gumel ta yi aure ke nan? Misali ne kawai, bai ɗauki dukan ma'anar ba, amma yakan sa mutum ya saurara.

Wannan ba sabon abu ba ne. Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano, cikin karatunsu na Alƙur'ani suka ga girman Isa. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka nemi Likita Miller a Zariya don su ji sauran labarin.

Bamaguje kuwa, damuwarsa dabam ce. Shi iskoki yake tsoro. Ka karanta masa Markus 5, ya ji wanda aljannu suka roƙa.

Abin da ba a ragewa don a faranta wa kowa rai shi ne gicciye. Musulmi zai ce Allah ba zai bar annabinsa ya wulakanta haka ba. Kada ka yi gardama a tsaye a bakin kasuwa. Ka je zaurensa, ku gaisa sosai, ku fara da ragon da aka ba Ibrahim a madadin ɗansa.