Baro: Tashar da Jirage Suka Manta da Ita

A bakin kogin Kwara, wanda mutanen Yamai ke kira Isa, akwai wani ƙaramin gari na ƙasar Nufe mai suna Baro, cikin Jihar Neja ta Nijeriya. Wanda ya bi gaɓar kogin da la'asar yana tafiya sannu a hankali, ba zai ji komi ba sai ƙarar filafilin masunta. Kwale-kwale ne ke ɗaure inda jiragen ruwan Turawa ke tsayawa a da. Bayan gari ga dutse yana kallon ruwa, a ƙasa kuwa ga tsofaffin gine-ginen reluwe da ƙarafunan dogo da ciyawa ta rufe.

Daga wannan gaɓa ce aka soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a shekarar 1907, zamanin Gwamna Girouard. Ta ruwa aka riƙa kawo ƙarafuna da kawunan jirage daga bakin teku. Dogo ya isa Kano a 1911.

Labarin nan ya shafi mutanen Tarka da sauran ƙasar Damargu, ko da yake tsakaninsu da Baro tafiya ce mai nisa. Kafin zuwan jirgi, ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus ta Damagaram da Damargu da Abzin yake bi, ɗauke da fatu da gashin jimina. A Damargu fatake ke yada zango su auni hatsi. Da jirgi ya iso Kano, sai kaya suka juya kudu, raƙuma suka rasa lodi, zanguna da yawa suka zama kufai.

Ita ma Baro ba ta daɗe tana cin moriya ba. A 1912 aka haɗa dogon Ikko da nata a Minna, a 1916 kuma aka gama gadar Jabba. Jirgin ruwa sai ya jira cikar kogi, jirgin ƙasa kuwa ba ya jiran damina. Haka fatauci ya bar ta. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A ƙarshen tattakin mai yawo zai tarar da sabuwar tashar da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2019. Shekaru suka biyo baya tana jiran jirage, domin hanyar motar da za ta kai mata kaya ta lalace.

Abin lura ga magabatanmu shi ne, gini ba ya kiran fatake, hanya ce ke kiransu. Duk wanda zai gina kasuwa ko rumbun tsimi a Belbeji ko Tanut, to ya fara tambayar ta ina kaya za su shigo, ta ina kuma za su fita.