Itacen Ceri: Tsirarsa, Girmansa da Haihuwarsa

A manyan kantuna na Legas da Abuja da Fatakwal akan ga waɗansu 'ya'yan itace ƙanana, jajaye, kowane ɗaya da dogon tsinke a kansa. Girmansu bai wuce na ɗinya ba, amma tsadarsu ta wuce misali. Sunansu ceri, kuma daga ƙasashen waje ake kawo su. Da yake mutanenmu ba su ganin abu mai kawo kuɗi su kau da kai, akan sami mai tambaya ko zai iya binne ƙwallon a gonarsa ya jira amfani. An shirya wannan bayani ne domin mai karatu ya san yadda itacen ke rayuwa a ƙasashen da Allah ya ajiye shi, tun daga ƙwallo har tsufa, kafin ya kashe kuɗinsa ko ya ɓata shekarunsa.

Asalinsa da ire-irensa

Ceri dangin tuffa ne. Masana sun fi ƙarfafa cewa asalinsa daga yankin da ke tsakanin Baƙin Teku da Tekun Kasfiyan ne, watau wajen ƙasar Turkiyya ta yanzu da maƙwabtanta. Har wa yau kuwa Turkiyya tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen noman ceri mai zaƙi. Amurka da Chile da Uzbekistan da Iran su ma suna nomansa da yawa.

Iri biyu ake shukawa domin ci. Akwai mai zaƙi, wanda ake ci ɗanye, itacensa kuwa idan aka bar shi a daji yakan kai tsawon mita 20 ko fiye. Akwai mai tsami, wanda itacensa gajere ne, shi ake dafawa da sukari ko a matse ruwansa. Na uku shi ne na ado, wanda mutanen Japan ke kira sakura. Wannan domin furensa kaɗai ake shuka shi.

Daga ƙwallo zuwa dashe

A cikin kowane ɗan ceri akwai ƙwallo guda mai tauri, a cikinsa kuma ƙwayar iri take. Wannan ƙwaya ba ta tsirowa da zarar ta faɗi ƙasa ta sami ruwa, kamar yadda gero ko wake ke yi. Tilas ne ta kwana cikin ƙasa mai laima da sanyi ƙwarai, kusa da daskarewar ruwa, har kimanin wata uku zuwa huɗu, sa'an nan ta farka. Hikimar da ke cikin wannan a fili take. Ceri yakan nuna a watan Yuni ko Yuli. Da ƙwayar za ta tsiro nan take, da sanyin Disamba ya tarar da tsiron yana jariri ya kashe shi. Saboda haka sai ta jira sanyin ya zo ya wuce. Masu renon dashe sukan kwaikwayi wannan, su zuba ƙwallayen cikin yashi mai laima su ajiye a firji.

Amma manomin ceri ba ya dogara da itacen da ya fito daga ƙwallo, domin ba ya gadon kyawun uwarsa. Sau da yawa 'ya'yansa kan fito ƙanana, ba daɗi. Abin da ake yi shi ne aure, kamar dai yadda muke yi wa mangwaro da lemo. Akan ɗauko ido ko ɗan reshe daga itacen da aka yarda da 'ya'yansa, a ɗaura a kan gindin wani mai ƙarfin saiwa. Shahararren irin nan da ake kira Bing a jihar Oregon ta Amurka aka same shi a 1875, kuma duk itacen Bing da ke duniya yau ta hanyar aure ya fito daga wancan itace guda.

Gindin da aka yi auren a kansa shi ne ke yanke girman itacen da lokacin da zai fara haihuwa. A kan gindin cerin daji itacen yakan yi tsawo, ya ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ya ba da amfanin kirki. A kan gindin da ake kira Gisela, wanda aka samar a ƙasar Jamus, itacen ba ya yin tsawo, yakan kuma fara haihuwa tun a shekara ta uku.

Barcin hunturu

Nan ne gundarin maganar yake, ya kamata mai karatu ya natsu. A ƙasashen da ake noman ceri shekara ta kasu huɗu. Daga Satumba zuwa Nuwamba yini yana raguwa, iska tana yin sanyi. Itacen sai ya janye abincin da ke cikin ganyensa ya adana a rassa da saiwa, ganyen ya yi ja ko rawaya ya kakkaɓe. Wanda bai sani ba sai ya ce itacen ya mutu. Alhali kuwa barci yake yi, kuma idanun da za su zama furen baɗi sun riga sun ƙullu a jikin rassa tun cikin watannin zafi da suka wuce, suna rufe cikin ɓawo mai tauri.

Abin mamaki shi ne itacen yana lissafin sanyin da ya sha. Masana sukan ƙirga awoyin da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7 na santigireti. Yawancin ire-iren ceri mai zaƙi suna bukatar irin waɗannan awoyi daga 700 zuwa 1,200 a hunturu guda, mai tsami ma yakan nemi kusan na ƙarshen. Idan lissafin ya cika, da zarar ɗumi ya fara shigowa sai idanun su buɗe gaba ɗaya. Idan bai cika ba, komai ruwa da takin da aka zuba, itacen ba zai farka sosai ba. Wani reshe ya yi toho, wani ya ƙi, fure ya fito jefi-jefi ya zube ba tare da ya ƙulla ba. In aka jera shekaru a haka sai itacen ya kumanta ya mutu.

Wannan ne ya sa ba a noman ceri a ƙasashen da ke tsakiyar duniya. Ƙasar Chile kuwa tana can kudu da nisa, hunturunta daga Yuni zuwa Agusta yake, don haka cerinta ke nuna daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da itatuwan Turai ke barci. Ita ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi waje, mafi yawansa kuwa ƙasar Sin ake kai wa domin bikin sabuwar shekararsu.

Fure da ƙudan zuma

A arewacin duniya fure yakan fito tsakanin ƙarshen Maris da farkon Mayu, yana rigan ganye ko su fito tare. Fari ne, mai kunne biyar, a dunƙule biyu zuwa biyar wuri guda. Kwanakinsa ba su wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, a cikinsu kuma ake yanke arzikin manomi na shekara. Itacen da ya jure sanyi mai tsanani yana barci, furensa ba ya jure digiri 2 ko 3 ƙasa da daskarewar ruwa. Dare ɗaya na irin wannan sanyi ya isa ya kwashe amfanin gona duka. Shi ya sa manoma ke kafa manyan fankoki a gonaki, waɗansu kuma su kunna wuta tsakanin layuka su kwana a tsaye.

Ga kuma wata wahala. Mun san dabino akwai namiji akwai tamata, sai an haɗa su. Furen ceri yana da duka biyun a jikinsa, amma yawancin ire-iren mai zaƙi ba su karɓar garin furen kansu, ko na wani itace mai irinsu. Dole a dasa iri biyu masu jituwa waɗanda ke fure lokaci guda, a kuma kawo amyoyin zuma gonar domin ƙudan su yi ta kai da kawowa. Wanda ya cika gona da Bing kaɗai zai sha kallon fure, ba zai ga 'ya'ya ba. Sai a 1968 aka fitar da irin da ake kira Stella a ƙasar Kanada, mai iya ƙulla 'ya'ya shi kaɗai. Mai tsami dai tun asali ba shi da wannan matsala.

A Japan fitowar furen biki ne na ƙasa baki ɗaya. A birnin Kiyoto akwai rubutattun bayanai na ranakun cikar furen tun fiye da shekara 1,200 da suka wuce. A 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, wanda kafin wannan shekara ba a taɓa rubuta ya yi wuri haka ba. Masana sun danganta wannan da ɗumamar yanayi da zafin da birni ke tarawa.

Ƙulli da nuna

Daga fure zuwa tsinka kwana 60 zuwa 80 ne, gwargwadon iri. Da fari ƙullin yakan yi girma da sauri yana kore. Sa'an nan ya tsaya cik kamar ba ya motsi, a lokacin nan ƙwallon ne ke yin tauri a ciki. A makonnin ƙarshe sai ya kumbura, ya sha ruwa da zaƙi, ya juya daga rawaya zuwa ja.

Babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne ruwan sama. Idan ya kwanta a fatar ceri mai shirin nuna, sai ta tsotse shi ta tsage, wanda ya tsage kuwa ba ya sayuwa. A jihar Washington ta Amurka har jirage masu saukar ungulu ake haya su yi shawagi ƙasa-ƙasa bisa gona, iskarsu ta kakkaɓe ruwan. Tsuntsaye ma ba su raga masa, sai an rufe itatuwa da raga. Ceri ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, ba kamar ayaba ko mangwaro ba. Don haka ake tsinkar mai zaƙi da hannu, da tsinkensa, a sanyaya shi nan da nan. Wannan ɗawainiya tana cikin abin da ya sa yake tsada. A kula kuma, ƙwayar da ke cikin ƙwallon tana da guba irin ta rogo mai ɗaci, kada a bar yara su fasa su tauna.

Tsufansa

Gonar ceri takan yi shekara 20 zuwa 30 tana ba da amfani kafin a tumɓuke a sake dashe. Itacen ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, kuma idan aka ji masa rauni yakan zubar da ƙaro, cuta ta shiga ta wurin. Amma akwai na ado masu tsawon rai. A garin Miharu na lardin Fukushima a Japan akwai wani da aka kiyasta ya haura shekara 1,000, har yanzu yana fure.

To, a Nijeriya fa?

Wuraren da suka fi sanyi a ƙasar nan su ne tsaunukan Jos da Mambila da Obudu. Ko a can, a tsakiyar hunturu, ba safai ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 7 ba, in ma ya sauka na 'yan awoyi ne kafin rana ta fito. Ko sababbin ire-iren da aka samar a Kalifoniya domin wurare masu ɗumi suna neman awa 200 zuwa 300. Saboda haka duk wanda aka kawo wa dashe aka ce ceri ne irin na kanti, zai yi 'ya'ya a Ibadan ko Kano ko Inugu, to, ya riƙe kuɗinsa ya tuntuɓi malamin gona tukuna.

Kada kuma wani ya ɗauko dashe daga waje a ɓoye cikin kaya. Doka ta ce sai da izinin hukumar da ke binciken tsirrai da dabbobi a bakin iyaka. A 1910 birnin Tokiyo ya aika wa birnin Washington kyautar itatuwan ceri 2,000, aka duba aka same su da ƙwari da cuta, aka ƙone su, sai a 1912 aka sake aiko da 3,020 masu lafiya.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne suna. A kasuwanninmu akan kira agwaluma da sunan ceri, watau abin da Yarabawa ke ce wa agbalumo, Ibo kuma udara. Ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Agwaluma itacen kurmi ne, ba ya kakkaɓe ganye domin sanyi, ɗansa yakan ƙunshi ƙwallaye har biyar, yana kuma shigowa kasuwa daga Disamba zuwa Afrilu. Haka nan akwai cerin Barbados da cerin Surinam, ƙananan itatuwa na ƙasashe masu zafi, masu jajayen 'ya'ya da ɗan tsami. Waɗannan ba su bukatar barcin hunturu, suna kuma yi a ƙasarmu idan sun sami ruwa.