Sauya rumbun bayanai: Abin da ya kamata cibiyoyin Dutse su sani kafin sabunta manhaja

A watan Oktoban 2024, bankunan Zenith da GTBank sun sauya manhajar da ke riƙe da asusun abokan hulɗarsu. Masu sana'ar POS da 'yan kasuwa sun ji a jikinsu, domin an shafe kwanaki tura kuɗi na gagara. Wannan aiki da ya wahalar da manyan bankuna, shi ne ke jiran duk wata makaranta ko asibiti, daga Takur zuwa sauran unguwannin Dutse, da ke ajiye sakamakon ɗalibai ko bayanan majiyyata a kan uwar garke ta ƙashin kanta.

Manhajar yanar gizo kashi biyu ce. Akwai ita manhajar da ke nuna shafuka, akwai kuma rumbun bayanai inda sunaye da lambobi ke zaune. Idan manhaja ta lalace, ana iya sake girka ta. Idan rumbu ya salwanta babu kwafi, aikin shekaru ya tafi ke nan.

Mai karatu zai iya cewa, tunda tsohuwar tana aiki, me ya kawo taɓa ta? Dalili shi ne masu ƙera manhaja suna daina toshe ɓarakar tsofaffin zubi. An daina kula da PHP 7.4 a watan Nuwamban 2022, shi kuma MySQL 5.7 wa'adinsa ya ƙare a Oktoban 2023. Duk wanda ke kansu har yau ya bar ƙofa a buɗe ga masu kutse. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ɗora alhakin tsare bayanan jama'a a wuyan wanda ya tara su.

Matakin farko shi ne ɗaukar cikakken kwafi na rumbun da fayilolin da aka loda, a ajiye shi a wata na'ura daban. Amma kwafin da ba a gwada dawo da shi ba, zato ne kawai. A Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbunsu bisa kuskure, sai aka tarar yawancin hanyoyin ajiyar kwafi ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kimanin sa'o'i 6.

Na biyu, a fara gwaji a wata kwamfuta, a kan kwafin. Yayin sabuntawa, manhajar kan sake fasalin jadawalan rumbu daki-daki, shi ya sa manhajoji irin su Moodle ba sa yarda a yi tsalle daga tsohon zubi ƙwarai zuwa na ƙarshe kai tsaye. Sai an bi ta na tsakiya.

Na uku ya shafi Hausa musamman. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, tsarin haruffan da rumbun ke zuwa da shi shi ne latin1, wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, bai kuma san alamar Naira ba. Idan aka kwashe bayanai ba tare da daidaita tsarin zuwa utf8mb4 yadda ya dace ba, suna kamar Ɗanladi zai fito da alamar tambaya ko wasu baƙin haruffa. Ɗalibin da sunansa ya gurɓace a takardar sakamako shi zai yi ta zirga-zirgar gyara.

Na huɗu shi ne zaɓen lokaci. Makaranta ta yi aikin a lokacin hutu, ba ranar da ake rajista ba. A sanar da jama'a, a dakatar da shigar da sabbin bayanai, sannan a tanadi janareta ko batirin sola, domin ɗaukewar wutar KEDCO a tsakiyar aiki na iya barin rumbu rabi sabo rabi tsoho.

Bayan an kammala, a ƙirga. Adadin ɗalibai da jimillar kuɗin makaranta su zo daidai da na tsohon rumbu. Kada a kashe tsohuwar uwar garke sai an yi makonni ana lura, domin ita ce hanyar komawa baya idan abu ya cije. Bankin TSB na Birtaniya ya yi ƙaurar da ta rikice a Afrilun 2018, daga bisani hukumomi suka ci shi tarar fam miliyan 48.65 a Disamban 2022.

A ƙarshe, shugaban cibiya ya tabbata kalmomin sirri da bayanin matakan da aka bi suna rubuce a hannun hukumar cibiyar, ba a kan ma'aikaci guda kaɗai ba. Kafin ya ba da izinin fara aiki, ya nemi a dawo da kwafin a gabansa ya ga sunayen da idonsa.