Bayani Kan Matsayin Ƙuri'ar Wanda Ya Rasu Kafin Ranar Zaɓe

A wasu ƙasashe, doka ta bai wa mai zaɓe damar kaɗa ƙuri'arsa tun kafin ranar zaɓe, ya aika da ita ta gidan waya. To, idan Allah ya yi masa rasuwa bayan ya aika, kafin ranar ta zo, shin za a ƙirga ƙuri'ar ko za a soke ta?

A ƙasar Amurka kowace jiha da tata dokar. Jihar Florida tana ƙirga ƙuri'ar, muddin hatimin gidan waya ya nuna an aika ta, ko kuma ta isa hannun jami'in zaɓe, tun mai ita yana raye. Hujjar ita ce, ya cancanta a lokacin da ya kaɗa ta. Jihohin Michigan da Wisconsin kuwa soke ta suke yi, domin a wurinsu wanda yake raye ranar zaɓe shi ne mai haƙƙin zaɓe. A babban zaɓen shekarar 2020, Michigan ta soke irin waɗannan ƙuri'u fiye da 3,000.

Sai dai sokewar tana da iyaka. Ƙuri'ar tana zuwa ne cikin ambulan mai ɗauke da suna da sa hannun mai ita. Da zarar an cire ta an haɗa da sauran, babu mai iya gane ta, saboda zaɓe sirri ne. Don haka dole labarin rasuwar ya isa ga jami'ai kafin a buɗe ambulan.

A nan Nijeriya ba a zaɓe ta gidan waya. Mai zaɓe yakan je rumfarsa da kansa, a tantance shi, kamar yadda aka yi da na'urar BVAS a zaɓen 2023. Matsalarmu ita ce sunayen mamata da kan saura a cikin rajistar masu zaɓe.

Saboda haka ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su ƙarfafa wa jama'a gwiwar yin rajistar mutuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Haka kuma, duk lokacin da Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ta kafe sunaye domin gyara, a je a duba, a kai rahoton waɗanda suka rasu. Amfani da katin zaɓen mamaci laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci.