Fadamar Haɗejiya: Ƙauyukan da ruwa ke ciyarwa, kuma ruwan ke kora

Duk wanda ya bar garin Haɗejiya ya nausa gabas wajen Kiri Kasamma da Guri a watan Satumba, abin da zai fara lura da shi shi ne hanya takan ƙare ba zato. Ɗan acaɓa ya tsaya a bakin ruwa, mai fito ya karɓi fasinja da buhunansa, wani lokaci har da babur ɗin a cikin kwale-kwale. Ƙauyen yana can a kan ɗan tudu, ruwa ya kewaye shi, ba abin da ake hange sai rumbuna da kawunan goruba.

A ƙauyuka irin su Likori da Baturiya da Abunabo, ruwa ne ke tsara shekara. Kogin Haɗejiya, wanda ke tattaro ruwan kogin Kano da na Challawa, da ya iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya rarrabu rassa-rassa, ya bazu cikin fadamu, kafin abin da ya rage ya haɗu da kogin Jama'are su zama kogin Yobe mai gangarawa tafkin Chadi.

Shi ya sa da wuya a samu magidanci mai sana'a ɗaya. Da damina yana da gero da dawa a jigawa, yana da shinkafa a fadama. Ruwa na fara janyewa sai ya ɗauki mali da koma ya shiga su, ko ya bi danshin ƙasa ya shuka wake. Da sanyi ya kunna injin ban ruwa ya yi alkama, tattasai da albasa. Bayan girbi Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar da ruwa ya bari. Fili ɗaya ke nan yana ciyar da masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa, muddin ba wanda ya riga lokacin wani. Idan aka riga, to ƙara sai gaban bulama ko dagaci, kuma ba kullum ake rabuwa lafiya ba.

Mata ma ba a zaune suke ba. Akwai masu bandar tarwaɗa da karfasa, akwai masu turara shinkafa, akwai masu saƙa tabarma da kabar da yara ke yankowa. Kifin da aka banda a bayan gida shi ne ake lodawa a kwali a kasuwar kifi ta Haɗejiya a tura kudancin ƙasar nan. Har kwaɗi ana busarwa a sayar wa 'yan kudu, abin da baƙo kan riƙe baki idan ya gani. A kasuwa kuwa za a ji Hausa, a ji Fulatanci, a ji harshen Mangawa da na Badawa, duk a rumfa ɗaya.

Dattawan yankin sun san ambaliya iri biyu. Akwai wadda ake jira, mai zuwa a hankali ta kwanta a fadama ta bar taki da kifi. Akwai kuma mai zuwa da dare ta ci katanga. Manoman Bangaladash, waɗanda su ma a bakin manyan koguna suke, har suna daban suke ba kowacce a harshensu. A nan Haɗejiya matsalar ita ce ta farkon ta ragu, ta biyun kuma ta yawaita.

Labarin ya faro ne daga sama. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, domin noman rani da ruwan sha na Kano. Kafin nan kogin kan cika ya batse da damina, ya ƙafe da rani. Da aka fara sako ruwa duk shekara, sai ya zama rassan kogin ba sa bushewa, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu, ta fi mutum tsawo, ta riƙe yashi da laka har ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata zuwa reshen Marma mai tafiya Nguru, ya kwanta a gonakin mutane shekara da shekaru, yayin da na bakin Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin ke kukan ƙarancinsa. Ƙauyuka biyu da ba su da nisa da juna, ɗaya na roƙon a rage masa ruwa, ɗaya na roƙon a ba shi.

Kacala ba ta tsaya nan ba. Ita ce makwancin tsuntsayen jan baki masu sauka a gonar shinkafa kamar hadari, shi ya sa yaro kan wuni a kan rumfar gona yana kaɗa gwangwani maimakon ya je aji. Sauro na samun mafaka a cikinta, haka ma dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. Mutanen ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda su buɗe hanya. Aikin wata guda, damina ɗaya ta mayar da shi. Gwamnatin jihar Jigawa ta sayo injinan yashe kogi masu aiki cikin ruwa, sun kuma taimaka a inda suka kai, sai dai tsawon rassan ya fi ƙarfin 'yan injina kaɗan, kuma makullin madatsun yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce.

A 2022 aka ga iyakar abin. Ruwa ya shafe gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma, iyalai suka koma makarantu da bakin titi. A Haɗejiya kanta matasa sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kada ruwan ya shiga gari. Ƙauyen da ba shi da yawan jama'ar da za su tare ruwa, sai dai ya kwashe abin da kwale-kwale zai iya ɗauka.

Wani abin mamaki, a waje an fi sanin yankin da tsuntsaye. Duk sanyi dubban tsuntsayen ruwa na tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su sauka a nan, kuma tun 2008 dajin Baturiya ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Manomin da ke gefen dajin dai, tsuntsun da ya dame shi shi ne wanda ke cin shinkafarsa.

Duk da haka mutane ba sa tashi gaba ɗaya. Matasa kan tafi ci-rani Kano ko Legas, amma da ruwa ya ja baya a watan Nuwamba sai a gan su sun dawo, ana kwaɓa ƙasa ana tayar da katangar da ta faɗi, ana neman bashin iri da man injin ban ruwa kafin lokacin shukar alkama ya wuce.