Aron fili a gandun daji: Yadda izinin 'yan shekaru ke komawa gado

A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kafa sabbin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da dajin Kogo a Jihar Katsina da na Falgore a Kano.

Da zarar daji ya shiga hannun Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, dokar 1999 ta hana noma da kiwo da saran itace da zama a cikinsa sai da izini. To, yaya za a yi da wanda ya riga ya samu fili a ciki, da takardarsa a hannu?

Wannan ba baƙuwar magana ba ce ga mutanen ƙauyukan da ke yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Yamma da su akwai dajin Rugu, akwai kuma Ruma da Kukar Jangarai, wanda ke cikin dazuzzukan kiwo na farko da aka keɓe a Arewa. Dokar da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1965 ta tanadi irin waɗannan wurare ne domin dabbobi su samu makiyaya, manomi kuma ya tsira da amfanin gonarsa.

Daji ba ya ƙarewa rana guda. Yawanci da aro ake farawa: a yanka wa mutum fili ya noma na 'yan shekaru, wani lokaci da sharaɗin ya dasa itatuwa. Sai ya kafa bukka don damina, bukka ta koma ɗakin ƙasa, ɗaki ya samu kwano. Idan ya rasu, magada su raba wurin kamar kowace gonar gado. Wanda ya ba da aron ya bar ofis, takardar sharaɗin kuma ta ɓata a tsakanin fayil-fayil.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna a matsayin amana. Ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo, ba tare da sa hannun gwamna ba. Inda ba a kafa dutsen iyaka ba, wannan ƙofa ce mai faɗi, kuma ba talaka mai fartanya ne ya fi cin moriyarta ba.

Kada a ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A lardin Ontariyo na Kanada akwai gandun dajin Algonquin da aka kafa a 1893, inda hukuma ta riƙa ba mutane hayar fili su gina gidajen hutu a bakin tafkuna. A 1954 gwamnati ta daina ba da sabuwar haya, ta ce za a bar tsofaffin su ƙare. Ba su ƙare ba. An yi ta ɗaga wa'adi, na 2017 ma aka mayar da shi 2038, kuma gidaje kimanin 300 na nan. Masu gidajen na cewa su ne idon dajin, masu rajin kare muhalli na cewa an bai wa tsiraru abin da yake na kowa.

A can asarar ba ta wuce gurɓatar ruwa da takura wa namun daji ba. A nan ta fi haka nauyi. Idan gona ta toshe burtali ko mashaya, shanu za su bi ta cikin shuka, daga nan sai tara, sai gaba. Toshe burtali ba shi kaɗai ya haifi ta'addancin 'yan bindiga a Safana da Batsari da Ɗanmusa ba, amma da wuya a ba da tarihin rikicin a tsallake shi.

Zamfara ta gwada gyara da ƙarfin hukuma. A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya ba da umarnin soke gonakin da aka raba a cikin dazuzzukan kiwo. Sai dai soke takarda daga Gusau ya fi sauƙi a kan tayar da iyalin da suka shekara 20 suna noma wuri, har suka binne iyayensu a gefensa.

Aikin da ke jiran hukuma a Kogo ke nan: a auna iyaka, a ƙidaya masu gona da masu ruga a ciki, a bambanta wanda ya riga dokar zuwa da wanda ya samu fili ta hanyar sanayya. Duk wannan sai ma'aikacin gandun daji ya taka dajin da ƙafarsa, a yankin Faskari da har yanzu manoma ke shiga gonakinsu da fargaba.